Karen da Ake Yi wa Ƙunshi a Ƙuba

Jama'a, yau da hantsi na sha rana har na gode Allah. Mai ɗakina Saudatu ce ta tashe ni daga inuwa, wai jibi akwai bikin 'yar ƙawarta, in tafi unguwar Anbariyya a nan Madina in sayo mata lalle, kuma kada in kuskura in kawo irin na kwali wanda ke fita fari-fari. Na tsaya jiran bas har inuwata ta shige ƙarƙashin takalmina. Da na isa, mai shago ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Halas, ya hajji, mai kyan ya ƙare. Maiwada na Ƙuba ya kwashe." Na ce, Maiwada mai gadin gonar dabino? Ya ce shi fa. Na ce, 'ya zai aurar? Ya ce, "La, a'a. Na kare ne."

Na ɗauka zafi ne ya taɓa mutumin. Na sake hawa wata bas zuwa Ƙuba don in roƙi ko da cokali biyu ne, saboda komawa gida hannu rabbana ya fi rana zafi. Na tarar da Maiwada zaune a kan buhu a gindin dabino, da kwano a gabansa. Ga wani tsohon farin kare kwance, ya miƙe ƙafafu huɗu, an naɗe kowacce da tsumma, yana lumshe ido kamar amarya. Abin da ya kai dattijo mai jikoki ga wannan sana'a shi zan ba ku yau, don ku san irin hidimar da manyanmu ke yi mana, Allah ya ƙara wa kujerunsu laushi.

Maiwada a Madina aka haife shi. Kakansa ne ya taso daga Damagaram a ƙafa, ya sauke farali, ya zo ziyara, ya ce shi kam ya iso. Maiwada ya gaji gadin gona daga ubansa, ya kuma gaji Hausa, sai dai Hausar a kansa ta tsaya. 'Ya'yansa suna ji sarai, amma ka ce musu "ina kwana" su ce maka "kef halak". In ya yi musu faɗa da Hausa su ba shi haƙuri da Larabci, shi kuwa haƙurin ba ya ratsa shi. Matarsa Ƙaltume tana da Hausa har ta sayarwa, amma ba ta taɓa barinsa ya kai ƙarshen magana ba. Saboda haka duk faɗin Ƙuba rai ɗaya ne Maiwada zai zauna ya yi wa Hausa tun daga farko har ƙarshe, a saurare shi, ba a mayar masa da wani yare ba. Wannan rai shi ne karensa Guguwa.

Guguwa irin dogayen karnukan farauta ne da Larabawa ke kira saluƙi. Da ƙuruciya ya ci sunansa, zomo bai isa ya ƙetare gonar ba. Yanzu kuwa ya yi ritaya bai gaya wa kowa ba. Ba ya shiga gida, ba ya kusantar tabarmar salla, aikinsa kwanciya a bakin ƙofar gona da sauraron labarin Damagaram, garin da shi da mai ba shi labarin babu wanda ya taɓa gani. Aibinsa ɗaya, taunar ƙwallon dabino. Ya tauna ya tauna har haƙoransa suka yi ta sallama ɗaya bayan ɗaya, in ya yi hamma sai ka hango giɓi ta ko'ina.

Ana nan sai wani babba daga cikin manyanmu, wanda ba zan faɗi sunansa ba don ina son ci gaba da zama a garin nan, ya tafi Turai a duba masa gwiwa. Gwiwar ba ta warke ba, amma ya dawo da ilimi. A can aka kai shi kallon gasar karnuka, irin wadda ba gudu ake gwadawa ba, ba farauta ba, ba gadi ba. Kare tsayawa kawai yake yi a kalle shi, a auna tsayinsa, a leƙa haƙoransa, a duba yadda wutsiyarsa ta lanƙwasa. Mai Girma ya zauna ya yi tunani mai zurfi, ya gano cewa duk titunan da aka shimfiɗa mana da na'urorin sanyaya ɗaki da suka cika gari ba ci gaba ba ne, muddin karnukanmu suna yawo da surar da suka ga dama. Ya sayo littafin dokokin gasar, aka fassara shi, aka kafa Kwamitin Daidaita Surar Karnukan Gonaki. Aka ba kwamitin bene a unguwar Sultana, da motoci, da mai dafa shayi, da mataimakin mai dafa shayi. Mu da muke jiran a gyara mana famfon unguwa tun da daɗewa mun yi murna ƙwarai, don mun ga an fara da abin da ya fi muhimmanci.

Ba a jima ba mota mai lasifika ta zagaya gonakin Ƙuba. Mai maganar shi ne magatakardan kwamiti, Sharfuddeen, jikan mutanen Katsina, mutum mai furfura a gefen kunne, wanda shi ma Hausarsa a kunnen ta tsaya. Ya sanar da cewa ranar Alhamis kowa ya kawo karen gonarsa filin da ke bayan gonaki. Karen da ya tsallake dokoki ya koma gida. Wanda aka fitar daga gasa kuwa, akwai mota mai keji da za ta kwashe shi ta zubar can bayan baƙaƙen duwatsu, inda babu ruwa babu inuwa.

Maiwada ya ji sanarwar yana bisa dabino, saura kaɗan ya sauko ba ta hanya ba. Ya san Guguwa ba zai kwana biyu a bayan duwatsun nan ba. Ya shiga gida ya kasa cin abincin rana, ya fara yi wa Ƙaltume bayani.

"Wai gasar kyau za a yi musu, kuma duk wanda..."

"Gasar kyau?" in ji Ƙaltume. "To shi ne ka zauna ka rafka tagumi? Wa ka taɓa gani ya je wurin nuna kyau da ƙafa fari fat? Bar ni da shi."

"Haƙoran nake ji, Ƙaltume. An ce ana..."

"In ƙafa ta yi kyau wa zai kalli baki? Larabawan daji ma suna sa wa nasu lalle don kada dutse ya ci musu ƙafa. Ni nawa ya fi nasu, da lemon tsami nake kwaɓawa."

Ranar Laraba ta kwaɓa lallenta na ajiya, wanda ko 'ya'yanta ba ta ba su. Maiwada ya riƙe, ita ta shafa, aka naɗe. Da aka kwance, ƙafafun Guguwa suka fito jajur har gwiwa. Maiwada ya duba, ya ga lallai abin ya yi kyau, hankalinsa ya ɗan kwanta.

Ranar Alhamis fili ya cika. An kafa rumfa, an shimfiɗa darduma, an jera kujeru masu ruwan zinariya, amma Mai Girma Babban Alƙali bai zauna a ko ɗaya ba. A cikin doguwar motarsa ya zauna, gilashi a rufe, sanyi na kaɗawa, ana wucewa da karnuka ta gaban taga. Kafin a fara ya aiko da umarni ta bakin Sharfuddeen cewa littafin nan daga ƙasar da ta ci gaba ya zo, don haka ko wasali ɗaya ba za a tsallake ba. Jama'a suka tafa, don an ce a tafa.

Dokar farko da aka karanta ita ce duk karen da ya yi wa alƙali haushi an fitar da shi. To, jama'a, karnukan gadi ne. Tun suna 'yan kwikwiyo abin da aka koya musu ke nan, in sun ga baƙuwar mota da baƙon mutum a kusa da dabino su ɗaga murya. Kafin Sharfuddeen ya rufe baki rabin filin ya fita daga gasa. Wani Balarabe mai gona ya ruga wurin taga yana cewa, "Ɗal umrak, Allah ya ja zamaninka, karen nan sau uku yana korar ɓarayi!" Aka duba littafi, aka ce masa babu babin ɓarayi.

Daga nan abin ya zama kamar shara. An fitar da wanda ya ƙi tsayawa cik a kan katako. An fitar da wani saboda ya fi sandar awo tsawo da ɗan yatsa, aka fitar da ƙanensa saboda bai kai ba. Karen wani Bazabarme da aka yanke wa kunne tun yana ƙarami, yadda mafarautan can gida ke yi, shi ko katakon bai taka ba. Akwai wanda aka fitar don ya ɗaga ƙafa a jikin tayar Mai Girma, kuma wannan kam ko ni na yarda ya wuce gona da iri, ko da yake na fahimci ra'ayinsa. Motar keji tana ta cika, masu karnuka suna tsaye da igiya a hannu babu abin ɗaurawa.

Guguwa kuwa sai tsallakewa yake yi. Bai yi haushi ba, don barci yake ji. Tsayawa wuri ɗaya ba motsi kuwa ai fanninsa ne. Sandar awo ta zauna a kafaɗarsa daidai kamar don shi aka yanko ta. Saura haƙora. A nan mai kare ne zai buɗe bakin da hannunsa ya nuna wa taga. Maiwada ya durƙusa, ya dafa muƙamuƙin Guguwa. Ya san da ya buɗe bakin nan shi ke nan.

Bai kai ga buɗewa ba sai gilashin mota ya sauka kamar faɗin yatsa biyu. Wani yatsa mai zobe ya leƙo, ya nuna ƙasa.

"Esh haza? Mene ne wannan a ƙafarsa?"

Sharfuddeen ya buɗa littafi, ya kai lasifika baki, ya karanta cewa duk karen da aka sauya wa launi da rini, ko alli, ko wani abu mai kama da su, an fitar da shi daga gasa.

Maiwada ya ji duniya ta juya masa. A ransa ya kira sunan Ƙaltume da muryar da bai taɓa iya kiranta da ita a fili ba. Ya matsa jikin taga, ya haɗa Larabcinsa da ladabinsa wuri ɗaya.

"Ɗal umrak, ba rini ba ne, wallahi lalle ne. Lalle mai kyau, na Anbariyya. Irin wanda ke gemunka ne sak, ina jin ma shagonmu ɗaya."

Shi Maiwada har ga Allah yabo ya yi. Gemun Mai Girma ja ne jawur, kowa ya san ana kula da shi. Amma sai ga wani can baya tari ya sarƙe shi. Gilashi ya ƙara sauka, fuskar da ke ciki ta kusa kamo gemun a launi.

"Barra! A fitar da shi!"

Masu motar keji suka nufo da igiya. Maiwada bai sake roƙon kowa ba. Ya koma ya durƙusa a gaban karensa, ya kama kunnensa, ya yi masa magana da yaren da suka saba. "Guguwa, ka yafe mini. Ni na kawo ka. In sun sauke ka, ka nemi gindin dutse ka kwanta, kada ka bi rana. Ka ji ko?" Hawaye na bin gemunsa, bai damu da wanda ke kallo ba. Guguwa ya kaɗa wutsiya sau ɗaya.

Sharfuddeen yana tsaye kusa, ya ji komai. Ban sani ba ko Hausar da ta daɗe kwance a kunnensa ce ta motsa, ko kuwa shi dai mutum ne da ba ya iya barin layi a rabi. Ya gyara murya, lasifika a kunne, ya ƙarasa karanta dokar kowa na ji: ba za a fitar da kare saboda launi ba sai babban alƙali da kansa ya kama ƙafar da hannunsa, ya buɗa gashin, ya tabbatar.

Masu igiya suka tsaya. Jama'a suka juya wajen mota. Wanda ya ce ko wasali ba za a tsallake ba yana ciki, kuma kowa ya ji lokacin da aka faɗa.

Aka buɗe ƙofa. Mai Girma ya fito cikin farar riga da alkyabba mai bakin zinariya, ya tako a hankali. Ashe tunda aka fara maganar kwamiti bai taɓa tsayawa kusa da kare babu gilashi a tsakani ba. A Turai ma daga saman bene ya yi kallo. Da ya rage 'yan taku kaɗan, Guguwa ya buɗe ido ɗaya, ya ga baƙo mai ƙamshin turare, ya zaro harshe don gaisuwa. Gwiwar nan da likitocin Turai suka kasa motsawa sai ga ta tana kaɗawa da kanta.

"Ina da alwala," in ji Mai Girma.

Maganar tsarki da kare malamai sun yi bayaninta, kowa da mazhabarsa, ni ba malami ba ne balle in sa baki. Abin da na sani shi ne mutanen Ƙuba akwai son taimako. Nan take wani ya kawo buta, wani ya kawo sabulu, wani ya ɗebo ƙasa mai tsabta a hularsa, suka ce ɗal umrak taɓa abinka, ga kayan wanki har ka gaji. Mai Girma ya waiwayi mataimakinsa. Mataimaki ya ce littafi babban alƙali ya ce, sannan ya shiga nazarin takalminsa. Mai Girma ya miƙa hannu, Guguwa ya ɗaga jar ƙafarsa don ya sauƙaƙa masa, Mai Girma ya janye hannun har alkyabba ta zame.

Ana cikin haka aka jiyo kiran sallar azahar daga nesa. Waɗanda ke wurin sun ce ba su taɓa ganin bawan Allah ya amsa kiran salla da sauri irin na ranar ba.

"Bukra, in sha Allah," ya ce, wato sai gobe, alhali ya riga ya kai ƙofar mota.

Sharfuddeen ya bi shi da tambayar me za a yi da karen. Aka sake duba littafi. Littafi ya ce karen da ake tuhuma a kan launi yana cikin gasa har sai an yanke hukunci. Ba a fitar da shi, ba a wucewa da shi zuwa duba haƙora, ba a kuma rufe gasar. Maiwada ya ja karensa suka koma gona, motar keji ta wuce su a hanya. Samarin karnukan da aka zubar sun riga motar dawowa Ƙuba, kuma tunda a takarda an riga an fitar da su, babu dokar fitar da kare sau biyu. Tsofaffin ba su dawo ba.

Goben Mai Girma ba ta zo ba. Maiwada ya yi kwanaki yana cika yana batsewa a kan Ƙaltume da lallenta, ita kuwa ta ce in ba don ita ba da yanzu wa yake yi wa surutu a gona. Bayan 'yan makonni jan ya fara dusashewa, Maiwada ya ji daɗi, a zatonsa laifi ne ke gogewa. Sai ga Sharfuddeen wata rana da la'asar a motar kwamiti. Ya tsaya daga nesa ya ƙare wa ƙafafun Guguwa kallo, ya waiga hagu da dama, sannan ya buɗe baki da wata Hausa mai tsatsa da ba a taɓa jin ya yi ba.

"Baffa... ya koɗe."

"To ai alhamdu lillahi," in ji Maiwada.

"La, la, ya ammi." Ya koma Larabci don abin ya fi ƙarfin Hausarsa. Ya ce in launi ya tafi, tuhuma ta faɗi. In tuhuma ta faɗi, sai a koma kan haƙora. In an duba haƙora a fitar da kare, in an fitar da shi a rufe gasa, in an rufe gasa kuma kwamiti ya gama aikinsa, a karɓe bene da motoci da mai shayi da mataimakinsa. Ya ce shi mai iyali ne. Ya ce Mai Girma ma yana gaisuwa, yana kuma tambayar lafiyar ƙafafun.

Yau shekara ta uku ke nan ana gasar. Kwamiti yana zama a kai a kai a benensa na Sultana, an ma ƙara masa reshe mai nazarin bambancin lalle da rini, kuma na ji za su tafi Turai ƙaro ilimi. Kofin da za a ba zakara yana cikin kabad ana goge shi. Duk sanda ja ya fara sauka, Maiwada da kansa yake hawa bas zuwa Anbariyya, Ƙaltume ta kwaɓa, shi ya shafa, yana ba Guguwa labarin Damagaram har lallen ya kama.

Na tambaye shi ko ba ya jin haushin manyan nan da suka mai da shi mai ƙunshin kare da tsufansa. Ya ɗaure tsumman ƙarshe, ya shafa kan Guguwa.

"Haushi, Malam Lawali? Ni da kullum bayan salla nake yi wa Mai Girma addu'a. Allah ya daɗe da shi a kujerar nan, kada a kawo wani mai ƙarfin hali. Allah ya ba shi lafiyar gwiwa, ya bar masa tsoronsa."

Na ce amin.

Ya kankaro mini ragowar lallen da ke kwanon, na ƙunso a ganye na kawo gida. Saudatu ta gwada a tafin hannu, ya fito ja har yana ɗaukar ido. Ta ce tunda muka yi aure ban taɓa sayo abin kirki irin wannan ba, wace mai sa'a ce aka kwaɓa wa? Na ce wani babba ne da ke cikin gasar kyau shekara uku ba a iya fitar da shi ba. Ta ce ai daga gani. Ku da kuke karanta jaridar nan, don Allah ku riƙe bakinku. Ita ba ta karantawa, kifi take naɗewa da ita.